Fuskar Maigidana a Takardar Masu Lamba

Shekaru masu nisa da suka wuce, tun Turawa na riƙe da ƙasar nan, wani abu ya same mu ni da maigidana, Allah Ya jiƙansa Ya sa ya huta. Ni ban san baƙi ko ɗaya ba, jikata ce ke zaune a gabana tana zuba maganata a wayarta don ku gani. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, in kuka ya zo mini kuma ta dakata har in gama.

A lokacin muna wani ƙauye kusa da Wagini, ban daɗe da tarewa ba. Maigidana wanzami ne, ɗan wanzami. Wanzancin wancan zamani ba irin na yanzu ba ne da kowa zai shiga rumfar da ya ga dama. Kowane wanzami yana da gidajensa da ya gada wurin ubansa. In an yi haihuwa shi za a aika wa da goro, shi zai yi askin suna, shi zai cire beli, shi zai yi wa yaran gidan kaciya in sun isa, shi zai yi wa tsofaffi ƙaho. Da kaka kuma kowane gida ya aiko masa da dami. Gonarmu 'yar ƙarama ce, ƙasar ma duk tsakuwa, saboda haka gidajen nan su ne rumbunmu. Babba a cikinsu shi ne gidan Malam, limamin garin, mai makarantar allo. Abin da Malam ya yi shi gari ke yi.

Maigidana yana da zanzana a fuska. Agana ce ta kama shi tun yana ƙarami, ta ɗauke 'yan'uwansa biyu, shi ta bar shi da ramuka tun daga goshi har haɓa. Amma a garinmu babu mai ganin wannan, don da ita suka san shi. Ni kaina a kwanakin farko na amarci kaɗai na lura, shi ma a sace nake kallonsa saboda kunya. Daga baya ko na dube shi, mijina kawai nake gani.

Ranar kasuwar Batsari yakan shimfiɗa tabarmarsa a gindin wata tsamiya ya yi aski. Wata rana ya dawo gida da fara'a, bai ko ajiye zabira ba ya fara ba mu labari, ni da uwar mijina. Ya ce wani Bature ne ya zo kasuwa da tafintansa, da wani ɗan akwati rataye a wuyansa, yana leƙa shi ta sama kamar mai duba rijiya. Baturen ya tsaya ya yi ta kallonsa, sai tafinta ya ce wai siffarsa ce ta burge shi, yana so ya ɗauki hotonsa. An yi sa'a ran nan daga wurin suna ya wuce kasuwa, yana sanye da rigarsa ta kirki. Ya miƙe ya gyara hula, ya rataya zabira, ya tsaya ƙyam, aka ɗauka.

Sai kuma Baturen ya ce ya zauna ya cire hular. Ya juya masa kai da hannunsa har rana ta riƙa dukan kuncinsa ta gefe, sannan ya matso dab da shi, har yana jin warin tabarsa. Maigidana ya ce shi bai saba zura wa babban mutum ido ba, balle a kusa haka, sai ya sunkuyar da idonsa ƙasa kamar yadda aka koya wa kowane ɗa na gari. A zatonsa kyan askin kansa ake son gani. Har yana ce mana, to ga shi Nasara ma sun san inda wanzamin kirki yake. Uwar mijina ba ta yi dariya ba, ta ce dai Allah Ya sa alheri ne.

Bayan wani lokaci tafintan ya aiko masa da hoton, ɗan kati kamar tafin hannu. Na tsayen ne. Kai, ya yi kyau. Ga riga, ga hula, ga zabira a kafaɗa, ƙirji a buɗe, yana kallon mutum ido cikin ido. Zanzanar ma sai ka sa ido sosai za ka gan ta. Ni ban taɓa ganin hoto ba a rayuwata. Na karɓa da hannu biyu, na duba, sai na juya bayansa ina neman ƙeyarsa. Da na ga fari fat sai na tsorata na miƙa masa abinsa. Ya yi mini dariya har da hawaye. Daga baya na jingina shi a cikin jerena, tsakanin tasoshi, amma in zan sauya zane sai na kifa shi tukuna. Matan gari kuwa suka yi ta zuwa kallo, wata ta zo da dalilin aron maburgi, wata ta ce wuta ta zo ɗiba, alhali ga hayaƙi na tashi a gidanta.

Da bazara ta kama sai aka fara jin agana ta ɓulla a wasu ƙauyuka ta wajen Safana. Wanda bai ga wancan zamani ba ba zai san irin tsoron ba. Ko sunanta ba a son kamawa. Ni kuma a lokacin ina da ƙaramin ciki, na fari.

Wata rana da hantsi taubashin maigidana, wanda ke sayar da goro a kasuwar Batsari, ya yi sallama ya shigo. Tun daga zaure yake tsiya kamar yadda suka saba.

"Kai bawana, ashe tsafi ka koya ban sani ba? Na baro ka a kasuwa an kafe ka da ƙusa a jikin tsamiya, na zo na tarar da kai a nan kana shan fura."

Maigidana ya ce masa hassada ce ke cinsa, don shi ko akuyar Bature ba za ta tsaya kallonsa ba. Ya ce in ɗauko katin in nuna wa wannan matsiyacin. Na kawo. Taubashin ya karɓa ya duba, sai na ga dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce ba wannan ba ne. Ya ce wanda ke jikin tsamiya babbar takarda ce, fuska ce kaɗai, babu hula babu riga, da rubutun boko a ƙasa. Ya ce an manna irinta a bangon ɗakin shan magani na Safana, kuma masu lamba, wato masu tsaga hannu su sa maganin rigakafin agana, su ne ke yawo da ita.

Kafin sati ya zagayo magana ta cika gari. Babu mai karanta boko a cikinmu, saboda haka kowa ya karanta fuskar yadda ya ga dama. Wasu suka ce Nasara sun auna shi da akwatinsu sun ga ciwon na nan kwance a jininsa. Wasu suka ce askarsa ce ke ɗauka daga wannan gida ta kai wancan, shi ya sa aka kafa shi don mutane su gane shi su guje shi. Wasu ma suka ce nemansa ake yi, dogarai na nan tafe. In na je rijiya sai in ga mata suna janye gugansu daga kusa da nawa. Masu zuwa kallon kati suka ɗauke ƙafa, har wadda ta ari maburgina ta aiko da shi, ba ta kawo da kanta ba.

Sai aka yi haihuwa a wani gida a unguwar gabas, gidan da uban maigidana ya yi wa aski tun kafin a haifi maigidana. Goro bai zo ba. Maigidana ya ce mantuwa ce, hidima ta yi musu yawa. Ranar suna ya tashi da sassafe ya wasa asake, ya sa riga, ya zauna a zaure yana jiran ɗan aike. Ina tsakar gida ina jiyo guɗa daga can. Can sai ga wani wanzami na ƙauyen da ke gaba da mu ya wuce ta ƙofar gidanmu a kan jaki, zabira a kafaɗa, ya kau da kai bai ko yi sallama ba. Maigidana ya shigo ya tuɓe rigar ya ninke. Bayan wannan Fulanin rugar da yake zuwa yi wa ƙaho suka aiko cewa ya dakata tukuna. Kasuwa kuwa ya daina zuwa gaba ɗaya.

Ni abin da ke cina shi ne tunanin kaka. In gidajen nan suka tafi, dami ba zai zo ba, ga ciki, ga tsohuwa. Nakan leƙa rumbu in rufe, in jima kaɗan in sake leƙawa kamar wani zai ƙara a ciki. Ko jaki ya yi kuka a waje sai in ce dogarai ne.

Uwar mijina ce ta ce ita sai ta gani da idonta. Ta ce wa maigidana za mu kai daddawa kasuwa, ya san ƙarya ce amma bai hana ba. Muka tafi a ƙasa. Da muka isa gindin tsamiyar, a daidai wurin da yake shimfiɗa tabarmarsa, na ɗaga kai na gan shi.

Shi ne, amma ban san wannan mutumin ba. Fuskar ta fi faifai girma. Gefe ɗaya haske, gefe ɗaya duhu, kowane rami ya yi zurfi da inuwa a cikinsa kamar ƙasar da aka yi wa shuka. Kai a buɗe kamar wanda aka kama da sata. Ido a ƙasa. Ladabin nan da ya yi wa baƙo, a jikin takarda ya koma kamar na mai jin kunyar kansa. Da ban san shi ba, da ni ma na ja gugana. Abin dariya, duk da haka sai da na ja mayafi na rufe kaina, don na ga maigida a gabana.

Wani mutum da ke tsaye kusa da mu, bai san ko mu su wane ne ba, ya ce wa abokinsa ya dubi idon nan, ai ka san mai laifi ne. Uwar mijina ta juya ta dube shi.

"Ɗan nan, ni na haife shi. Kowane rami da ka gani a nan ni na yi jinyarsa da gashin kaza da man shanu. Laifinsa ɗaya, bai mutu ba."

Mutumin ya ce ta yi haƙuri, Inna, ya sulale. Ta miƙa hannu za ta yage takardar, sai wani dogari ya ɗaga mata sanda daga nesa ya ce kayan hukuma ne. Na riƙe mata hannu, na ce Inna mu tafi kada a ƙara mana wani. Muka komo da daddawarmu ko ɗaya ba mu sayar ba. A gida maigidana ya tambaye ni yaya na gani, na ce masa ai ba laifi. Ya dube ni ya ce ban iya ƙarya ba.

Ana cikin haka matar babban ɗan Malam ta haihu, namiji. Gari duka ya zuba ido. Kowa ya san in Malam ya kira wancan wanzamin, to tamu ta ƙare, sai dai mu ɗaure kaya. Kwanaki suka yi ta tafiya goro bai zo ba. Abinci ya daina shiga mini. Ko sallama na ji a zaure sai in saki abin da ke hannuna. Har aka kai jajibirin suna shiru. Wanzami ba ya zuwa neman aski a gidan da ya gada, abin kunya ne, amma ran nan bayan la'asar ya sa hularsa ya ce zai je ya ji da kunnensa.

Ya daɗe. Da ya dawo ya zauna a kan turmi ya faɗa mana yadda suka yi. Ya ce Malam ya karɓe shi da kyau, ya sa aka ba shi buzu. Ashe jinkirin da aka yi, Malam aikawa ya yi Safana a nemo masa malamin lamba ya zo ya faɗa masa abin da rubutun ya ce, don ba ya son ya yanke hukunci da jita-jita. Rubutun bai ce yana da ciwo ba, bai ce yana yaɗawa ba, ba a kuma nemansa. Cewa kawai aka yi ga abin da agana ke yi wa wanda ta bari da rai, kowa ya kawo 'ya'yansa a yi musu lamba. Malam ya ƙara da cewa shi ma ya sani tun daga iyaye, wanda ta taɓa kamawa ba ta komawa kansa.

Na fara hamdala, sai maigidana ya ɗaga mini hannu, ya ce da saura. Ya ce Malam ya ci gaba da cewa:

"Wanzam, na jikin tsamiya ba da nufinka aka yi ba. Aron fuskarka suka yi ba su gaya maka ba, wannan tsakaninka da su sai gaban Allah. Kuma ko banza, in ya sa uwa ɗaya ta kai ɗanta, ya yi aiki. Amma na ɗakinka fa, wanda na ji mata na tururuwar kallo, shi wane rai yake tsarewa? Wannan kai ka ajiye shi da son ranka. Ba na son hannun da zai fara taɓa kan jikana ya fito daga ɗakin da mala'ikun rahama ke tsayawa a bakin ƙofa."

Maigidana ya ce, Allah gafarta Malam, me ake so in yi? Malam ya ce shi bai tilasta masa ba, shi dai ya faɗi abin da ya sani. Sai maigidana ya ce zai ƙona.

Na ce masa, Maigida, a ba taubashinka mana ya ajiye a Batsari, ai ya bar ɗakin ke nan. Ko a sa a tukunya a binne a bayan gida. Ya ce ƙonawa ya ce wa Malam, bai ce zai ba da ajiya ba. Ya ce in ɗauko. Ya riƙe shi ya daɗe yana kallo, ya sa babban yatsa ya share ƙurar da ke kan hular. Sannan ya miƙo mini, don ni ce a bakin murhu. Uwar mijina ta tashi ta shige ɗakinta. Na sa shi a kan garwashi. Ya nannaɗe kamar ganye, ya yi wani wari da ban taɓa ji ba. Kafin in sauke numfashi babu shi. Tuwon daren nan da hawayena na tuƙa shi.

Washegari maigidana ya yi askin sunan. Bayan an gama, Malam ya sa aka shimfiɗa buzu a ƙofar gida, a gaban duk wanda ya zo, ya cire rawaninsa ya ce a yi masa aski shi ma. Yana zaune aska na kansa ya naɗe hannun riga ya nuna wa mutane inda malamin lamba ya tsaga masa. Bai yi wa'azi ba. Aka aiko mana da kason naman wanzami, na dafa, rabon da in ci abinci da daɗi har na manta.

Gidaje suka dawo da kaɗan-kaɗan. Fulani ma suka aiko. Wasu dai ba su dawo ba har maigidana ya bar duniya, ba don sun yarda da maganar ba, kunyar haɗa ido da shi ce ta hana su. Da kaka dami ya zo, bai kai na da ba amma ya kai mu. Na haihu lafiya, shi ya aske ɗansa da hannunsa.

Takardar kuwa ta yi shekara da shekaru. In rana ta cinye wata sai a kafa sabuwa. Maigidana ya ci gaba da zuwa kasuwa, amma ya sauya wurin zama ya koma can wajen masu tukwane. Wani da ya je Katsina ya ce ya ga fuskar a majigi, ta kai girman zaure, yara na ihu suna ɓuya a bayan juna. Malamin lamba ya taɓa ce wa maigidana mutane da yawa saboda fuskar nan suka kawo 'ya'yansu. Ya ce alhamdu lillahi, amma da sun tambaye shi da ya ba su, da hularsa a kansa. Bai sake yarda an ɗauke shi hoto ba har ya rasu.

Na daɗe ina juya abin nan a raina. Mutum ɗaya, rana ɗaya, gindin itace ɗaya, akwati ɗaya. An ɗauki guda don a ga mutum, an ɗauki guda don a ji tsoro. Wanda ya riƙe akwatin ya san wanda ya zo nema tun kafin ya ce a cire hula, ɗayan tukuici ne kawai. Shi ya sa har yau in yaran nan suka ɗaga mini waya, nakan ce su dakata, su faɗa mini wa za a nuna wa, kuma me za a rubuta a ƙasa. Suna dariya, suna cewa Kaka ta cika bincike.

Ban riƙe Malam a zuciya ba, Allah Ya jiƙansa, abin da ya sani ya faɗa, kuma shi ya tsaya mana ranar da kowa ya gudu. Yau jikokinsa malamai ne, hotunansu har a jikin kalanda, na ce zamani riga ne. Abin da ke sa ni kuka daban ne. Da can in na rufe ido ina ganin katin nan sarai, har da inda rigar ta ɗan karkace a kafaɗa. Yanzu tsufa ya fara share mini shi. Duk waɗanda suka san fuskarsa sun tafi, saura ni, ni ma ga yadda nake.

Ɗazu jikata ta ce wai Turawa ba sa yar da takarda, mai yiwuwa ta jikin tsamiyar tana nan a wani wuri, in ina so za ta bincika a waya. Ta ce amma in ganinta zai tayar mini da hankali sai a bari. Na tsani takardar nan tun ina yarinya. Amma na ce mata ta nemo. Ko wadda babu hular ce, a kawo mini in gan shi.